Littattafan Kaka da Hanyar Zuwa Wata

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma, da wanda ya gama aikinsa da wanda ya bar shi a buɗe a kan tebur. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti a Alexandria, nan ƙasar Turawa, bayan jinyar kwana tara. Washegari bayan azahar aka kai shi makwancinsa.

A gidansa aka yi zaman makoki, hawa na goma sha ɗaya, inda na zauna tare da shi shekara biyu tun da na zo daga Zariya karatun haɗa magunguna. Takalma suka cika bakin ƙofa har suka kai ta maƙwabta. Maza suna falo, mu mata muna ɗakina, an bar ƙofa a buɗe saboda zafin jama'a, don haka duk abin da aka faɗa a falo yana kunnena.

Wani direba mutumin Damagaram, ƙato ne sosai, ya zauna a ƙasa yana share hawaye da hularsa.

"Wata shida robine, famfon kicin ɗina, yana zuba," in ji shi, "mai gidan haya ya ƙi leƙowa. Tsohon nan ya hau jirgin ƙasa ya zo da sufana a aljihun riga. Ko ruwa bai sha ba ya koma."

Wata ma'aikaciyar jinya daga Lanham da ke kusa da ni ta ce nata famfon wanka ne. Wata ta ce injin wanki. Kusan duk wanda ya buɗe baki ranar, ruwa ne ya taɓa zuba a gidansa Kaka ya je ya tsayar. Wasu tsofaffin Turawa biyu da suka yi aiki tare da shi suka zo suka tsaya a tsaye, huluna a hannu, ba su san inda za su sa ƙafa ba. Aka miƙa musu dabino, suka karɓa suka riƙe ba su ci ba. Ɗayan ya ce da Turanci bai taɓa ganin mutumin da ya tsani yoyo irinsa ba. Bayan sun fita na ji wani saurayi yana tambayar na kusa da shi a hankali:

"Wai da gaske a wajen masu zuwa wata ya yi aiki? Ni wallahi na ɗauka mai gyaran famfo ne."

Tambayar nan ce ta sa na ɗauki biro.

Gab da la'asar aminin Kaka ya zo, wanda muke kira Baba na Lanham. Tsohon malamin kimiyya ne a jami'a, kuma tare suka yi makarantar allo a Zariya. Shekara uku ke nan ba sa magana, kowa a falon ya sani, shi ya sa hira ta tsaya da ya shigo. Ya zauna daf da takalma, aka yi aka yi ya matso ya ƙi. Da zai tafi ya sa aka kira ni bakin ƙofa.

"Ya haƙuri, 'yata?"

"Haƙuri ya zama dole, Baba."

Sai ya ce, "Bai bar mini saƙo ba?"

"Ya bari, Baba. In an yi uku zan kawo muku har gida."

Ya gyaɗa kai, ya nemi takalminsa cikin tarin takalma da ƙyar, ya tafi. Saƙon littafi ne na rubutun hannu, na ƙarshe cikin guda goma sha tara da Kaka ya bari, kuma a hannuna aka bar amanar kai shi. A ciki Kaka ya rubuta amsarsa ta ƙarshe kan gardamar da ta raba su.

Fiye da shekara talatin Kaka ya yi a wani kamfani da ke yi wa hukumar sararin samaniya kwangila. In aka ce masa maƙerin roka sai ya gyara wa mutum nan take. Bawul yake yi, wato ɗan makullin da ke buɗe wa mai hanya ya kuma rufe. Man da manyan rokoki ke sha ba irin fetur ba ne. Iska ce da aka sanyaya har ta zama ruwa, sanyin da ke sa ƙarfe ya tsuke, roba ta fashe kamar tangaran. Ko ƙofar da ido ba ya gani ta samu sai ta sulale.

"Aikina hana yoyo, amarya," yakan ce mini. Amarya yake kirana, kamar yadda kakanni ke yi, kuma ya san kunya nake ji, shi ya sa ya fi yi a gaban baƙi. "Abu ba ya fashewa sai ya fara yoyo tukuna. Mutane ƙarar suke ji, ɗigon ba sa ji."

Ba ya iya zama a gidan da famfo ke ɗiga. Ana cikin gaisawa za ka ga ya karkata kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa, sai ya miƙe ya nufi kicin ɗin mutane ba tare da ya nemi izini ba. Marigayiya kakata, an ce, ta sha ba matan gida haƙuri a kan wannan.

Duk shekara gab da azumi wayarsa ba ta hutawa.

"Malam, ku da kuke aiki da wata, gobe ne ko jibi?"

"Ni bawul na sani. Ku tambayi liman."

"Haba Malam, ko a asirce?"

"A asircen ma bawul na sani."

Yana yaro matashi aka fara taka wata. A rediyon wani tela suka ji, shi da amininsa, suna tsaye a waje don ba a bar yara su shiga shago ba. Telan ya ce ƙarya ce ta Nasara. Wani tsoho mai jiran ɗinkinsa ya ce ko gaskiya ne rashin tarbiyya ne, a je wa mutane gida babu sallama. Su biyun kuwa suka kama hanyar gida suna gardamar yadda aka yi aka dawo, tunda can babu wurin shan mai. Kaka yakan ce daga ranar ba su sake yin shiru ba, sai shekara ukun nan.

Ya zo ƙasar nan da yaƙinin cewa kafin ya yi furfura za a koma wata, kuma da bawul ɗinsa a jikin rokar da za ta kai mutane. Furfura ta zo ta cika kai. Sai a fara shiri, a yi zane, a yi gwaji, sabuwar gwamnati ta zo ta ce a sake zane. Duk shirin da aka fara ana raba wa ma'aikata ɗan ƙarfen maƙalawa a riga mai tambarin shirin. Nasa suna cikin wani gwangwanin alewa, na shirye-shiryen da aka soke. Maƙabartata yake kiran gwangwanin. Har ya yi ritaya, har ya rasu, ƙafar ɗan Adam ba ta sake taɓa ƙasar wata ba. A shekarunsa na ƙarshe in aka sanar a talabijin an sake ɗage ranar tafiya sai ya rage sautin, ya tashi ya ɗora ruwan shayi.

Bayan sallar asuba yake rubutu, a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Littattafan masu baƙin bango ne, takardunsu masu ƙananan gidaje irin na lissafi. Da ajami yake rubutawa, da irin hannun da ya koya a allo, lambobin ma na Larabci yake sawa cikin gidajen. Kowane shafi da bisimilla yake farawa, don haka ba a ajiye su a ƙasa, ba a taɓa su da hannun miya. Babu sirrin wurin aiki a ciki, ya sha faɗa mini wannan. Tunaninsa ne kawai a kan abin da kowa zai iya karantawa a jarida.

"Me ya sa ba ku rubuta da Turanci ba, Kaka, kowa ya karanta?"

"Da Turanci nake aiki. Da wannan nake tunani. In na yi wa kaina ƙarya da Turanci ba na ganewa, amma da hannun malamina kunya nake ji."

A gidan nan ni kaɗai na iya karanta hannunsa, don ni ma a Zariya na tashi, na yi allo kafin boko. Kawu, ƙanen mahaifiyata, a nan aka haife shi. Yana jin Hausa amma da Turanci yake mayarwa. Mutum ne mai riƙo da addini, yana karanta Alƙur'ani da kyau a irin bugun da ake samu a masallatan nan, amma hannun Kaka baƙo ne gare shi.

Gardamar da ta raba aminan biyu, ga yadda na fahimce ta, ni da ba fannina ba. Hanya biyu ake jayayya a kai wajen kai mutane wata. Ta farko, a gina roka ɗaya babba, a ɗora mutane da duk abin da suke bukata, a harba sau ɗaya. Injinan da suka ɗaga ta, masu tsada da wuyar ƙira, su faɗa teku, shi ke nan. Ta biyu, a gina jirgi mai dawowa ya sauka a sake amfani da shi. Amma shi wannan in ya hau sama tankinsa ya kusa ƙarewa, sai ya tsaya yana kewaya duniya, wasu jirage su yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya suna ɗura masa mai kafin ya kama hanyar wata. Kaka yana kan ta farko, Baba na Lanham yana kan ta biyu.

Baba yakan ce, "Ku kuna yanka jakinku duk ranar da ya kai ku kasuwa, sannan ku yi mamakin ba ku iya zuwa kasuwa sai sau ɗaya a shekara."

Kaka yakan ce, "Kai kuma za ka tsayar da mai azumi a rana kana kawo masa ruwa a rariya." Nufinsa, man nan mai sanyi tafasa yake yana tsiyayewa muddin ana jira, kuma duk haɗa tiyo da za a yi a sama wata ƙofa ce da yoyo zai samu.

Shekaru suka yi suna wannan, a mota, a wajen biki, a kan tuwo, mutane har daɗin saurare suke ji. Ranar da abin ya ɓaci ba na ƙasar. Daga bakin mutum uku na ji, kuma abin da suka haɗu a kai kawai na rubuta. A wajen wani suna ne a Lanham, ana cin abinci, samari sun kewaye su. Baba ya ce:

"Ire-irenka ne suka zaunar da mu shekara hamsin. Tsoro ne kuka sa wa hula kuka kira shi ilimi."

Kaka ya ajiye cokali. Yana bakin aiki lokacin da wani kumbo ya tarwatse da mutane a ciki, kuma ko da yake ba ta ɓangarensa abin ya faru ba, an ce makonni ya yi yana bin lissafinsa layi layi, abinci ba ya shiga. Ya ce:

"Ni na san gidan da aka yi makoki babu gawar da za a wanke. Kai a allo rokokinka suke tashi. Ba ka taɓa sa hannu a takardar da ran wani ya rataya a kai ba. In taka ta faɗi, tsumma za ka sa ka goge."

Aka ce Baba ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Na gode." A gidan ɗan'uwansa ake sunan, amma shi ne ya fita.

Dukansu sun san haramun ne Musulmi ya yi gaba da ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Don haka ba su yi gaba ba. Duk Juma'a in sun haɗu, ɗaya zai ce salamu alaikum, ɗayan ya amsa cikakkiya har da wa barakatuhu, su yi musafaha da kan yatsu, kowa ya nemi takalminsa. Shekara uku ba a ƙara harafi ɗaya a kan wannan ba. Liman ya gwada, Kawu ya gwada, mahaifiyata ta yi ta waya daga gida. Kaka ya ce, "Wa ya ce muku muna faɗa? Ku tambaye shi ko na taɓa hana shi sallama."

A hunturun da ya wuce na ga wata maƙala a kan teburinsa, an buga ta daga kwamfuta, duk gefenta ya sha jan biro. Ta Baba ce, a kan ɗura mai a sama. Ya buɗe sabon littafi, na goma sha tara, kuma watanni ya yi a kansa. Rubutun da yake gamawa kafin rana ta fito ya koma kaiwa har hantsi, shayi ya huce a gefensa. Wata safiya ya fito falo da littafin a hannu ya same ni ina karatu.

"Amarya, kin ga wannan? Ki kwafe shi da boko, tsaf, kada ki bar ɗigo. In kin gama ki kai wa wancan mai taurin kan asalin."

"Me zai hana ku ba shi da kanku? Ranar Juma'a sahunku ɗaya."

"A ba kura ajiyar nama? In babu kwafi a hannuna, abin da bai yi masa daɗi ba zai ce bai gani ba."

"To wa ya yi gaskiya, ku ko shi?"

"Ki karanta mana. Ko a makarantarku amsa ake fara ba ku kafin tambaya?"

Na buɗe a ranar. Shafi uku na duba na rufe. Harufan ina karanta su, amma rabin abin alamomi ne da ya ƙirƙira wa kansa cikin shekaru, harafi ɗaya a madadin jimla guda. Na bincika na ga a littafi na farko ya fara bayyana ma'anarsu, sauran kuma yana ƙarawa a hankali littafi bayan littafi. Sai na ɗauko na farko na fara daga shafin farko. Kullum in na gama na ranar sai in mayar da shi kwalin da suke ciki, don haka ya sharɗanta. Kwana huɗu ya gan ni da shi.

"Na ƙarshe na ce."

"Kaka, ba zan kwafi abin da ban gane ba. Kuskure zan yi."

"Ki zo ki tambaye ni mana, ga ni zaune."

"Ba na so in dame ku. In na bi su a jere zan gane da kaina."

"Kina bin layi kamar mai neman biza. Na haura saba'in fa, amarya. Angon naki ba sabo ba ne."

Na yi dariya, shi ma ya yi, na ci gaba da na farko. Ina da hujja, kuma har yau ban ga inda hujjar ta karkace ba. Abin da ban lissafa ba shi ne kwana. Mako biyu bayan haka numfashi ya fara yi masa wuya. A asibiti sau ɗaya ya tayar da maganar, tiyon iska a hancinsa.

"Kin kai ina?"

"Na biyu, na yi rabi."

Ya rufe ido yana murmushi. "Allah ya shirye ki," in ji shi. Ya nemi a gyara masa matashi, muka shiga wata magana.

A rana ta biyu ta makoki, bayan la'asar, wata malama tana yi mana nasiha a ɗaki, kowa ya yi tsit. Ta ƙofa na hango Kawu ya fito daga ɗakin Kaka rungume da kwali, ya lulluɓe shi da sallaya. Na san kwalin. Kafin in kai gare shi sai in katse malama, in tsallake ƙafafun iyaye mata, in ratsa falo cike da maza, in kira kawuna a gaban baƙi in tambaye shi ina za shi da kayan mahaifinsa. Na ce a raina adanawa zai yi, tunda gidan na haya ne, za a tashi. Na ce in an yi uku na tambaye shi a natse. Na zauna, na ce amin tare da kowa.

Bayan sadakar uku na bi matarsa zuwa gidansu a Manassas. Na jira ya yi salla, ya ci abinci, sannan na durƙusa na gaishe shi na tambayi kwalin. Ya dube ni, ya leƙa ko yaransa suna kusa, ya ce in biyo shi bayan gida. Murhun da suke gasa nama a kai lokacin zafi yana nan a buɗe, an wanke shi fes. A gindin wata bishiya akwai sabuwar ƙasa da aka tona aka mayar.

Da Turanci ya yi mini bayani, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce yana shekara tara ya taɓa buɗe ɗaya daga cikinsu yana cin abinci, Kaka ya daka masa tsawar da bai taɓa yi masa irinta ba. Tun ranar yake tsoron abin da ke ciki. Da ya girma ya yi karatun addini, ya ga hotunan hatimi, irin gidajen nan masu lambobi da masu tsibbu ke zanawa, sai ya tuna ya taɓa ganin irinsu a gidansu. Shekaru yana son ya tambaya, bai san ta inda ɗa zai fara tambayar uba irin wannan ba. Ranar da aka yi jana'iza ya kasa tsayawa a bakin kabarin saboda tunanin abin da ake tambayar mahaifinsa a ciki. Ya ɗauki hoton shafi ɗaya ya tura wa wani malami ta waya bai faɗi na wane ne ba. Amsa ta zo nan da nan, cewa hatimi ne, a ƙona, a binne tokar, a yi ta nema wa mai shi gafara. Jimla ɗaya ce kawai ya faɗa da Hausa, kuma daidai ya faɗe ta:

"Na rufa masa asiri."

"Kawu, lissafin mai ne."

Bai gane ba, na sake faɗa da Turanci. Na ce gidajen nan kwanaki ne da yawan man da ke tsiyayewa. Na ce tsawar da aka yi masa saboda bisimillar da ke saman shafi ce da hannunsa na miya. Na ce na ƙarshen saƙo ne zuwa ga Baba na Lanham. Ya zauna a kan matakala ya sunkuyar da kai.

"Duka goma sha tara?" na tambaya, ko da yake na ga ƙasar.

Ya gyaɗa kai. Can ya ɗago ya ce, "Kin gan ni na fito da su. Na ga kin gan ni. Me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ba na zargin Kawu. Ya ƙona su ne don yana ƙaunar mahaifinsa, ni ma na yi shiru ne don an koya mini ladabi. Abin da ya rage daga tunanin fiye da shekara arba'in shi ne kwafina na littafi ɗaya da rabi, rubutun saurayi sabon zuwa da ke da yaƙinin za a koma wata kafin ya yi furfura. Sai kuma hoton nan guda, wanda ya saura a cikin saƙon da Kawu ya tura. Ya turo mini shi. Littafin da ke saman kwalin ya buɗe ya ɗauka, wato na ƙarshe.

Ranar Asabar da hantsi na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas zuwa Lanham. Baba da kansa ya buɗe ƙofa, ya sa babbar riga kamar mai jiran manyan baƙi. Idonsa a kan hannuna ya fara sauka, ya ga babu komai sai jaka ƙarama. Na durƙusa na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage nawa laifin ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Inna lillahi," sau ɗaya, a hankali. Na miƙa masa wayata.

Ya sa tabarau, ya matso da ita kusa da fuska. Hannun aminin nasa bai ba shi wuya ba, allo ɗaya suka wanke. Leɓensa yana motsi yana bin gidajen.

"Wannan ai lissafina ne," in ji shi. "Nawa yake bi." Ya ƙara matsowa, kamar Kaka na gabansa. "Kai, kai. Wa ya ce maka wata guda za a yi ana jira? A ina na rubuta haka? Ka ga halinka ko, kullum sai ka ɗauki mafi muni." Ya bi layi na gaba. "To. Nan kam ka kama ni, ban sa zafin rana a gefe ɗaya ba. To sai me? Ci gaba mana."

Ya sa yatsa ya ja hoton gefe kamar mai buɗe shafi. Jadawalin jarrabawata ya fito. Ya mayar, ya ja ta ɗaya gefen, hoton wani kwanon abinci ya fito. Ya riƙe wayar a cinyarsa.

"Bai gaya miki inda ya tsaya ba?"

Na san abin da yake so ya ji, kuma da na faɗa babu mai ƙaryata ni a duniya. Amma ban karanta ba.

"Bai faɗa ba, Baba. Na tambaye shi, ya ce in karanta."

"Da ya ba ki, me ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Ya ce in kai wa wancan mai taurin kan."

"Fuskarsa fa? Yana dariya ko ya ɗaure?"

Na yi ƙoƙarin tunawa da gaske. Littafin nake kallo a lokacin, ba fuskarsa ba. Na faɗa masa haka.

Ya sa aka kawo masa takarda da biro daga ɗaki. Ya kwafi lambobin layin ƙarshe, ya ja layi a ƙasa, ya rubuta layi biyu nasa. Sai ya tsaya, ya ajiye biron a kan takardar.

"Wannan ko ɗalibina zai ƙarasa shi kafin azahar," in ji shi. "Ba amsar lissafi nake nema ba."

Ya miƙo mini wayar, ya cire tabarau ya riƙe. Na yi masa sallama na fito.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓi abin da ya yi a fili da wanda babu sauran mai karantawa. Allah ya sanyaya zuciyar Kawu da ta Baba. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.